Habaicin Ingilishi: darasin da ba mu koya wa yaranmu a aji ba

Wata ranar Juma'a bayan la'asar, ina zaune a ƙofar gida a nan Keita, sai ga wani tsohon ɗalibina ya zo bisa babur. Shekara huɗu na koya masa Ingilishi a CEG, kuma yana cikin yaran da nake alfahari da su. Bayan mun gaisa, ya durƙusa a gefen tabarma ya miƙo mini wayarsa ya ce, “Mushe, don Allah ku duba mini. Ni dai ban ga inda na yi laifi ba.” Ƴan uwanmu na Najeriya kada ku yi dariya, a wajenmu mushe malamin makaranta ne, ba abincin ungulu ba.

Yaron ya samu aikin wata shida da wata ƙungiyar agaji, yana zagaya ƙauyukan Tamaske da Ibohamane yana tattara bayanai a kan abincin ƙananan yara. Ingilishinsa ne ya ba shi aikin, don shugabar sashen Baturiyar Ingila ce, kuma da Ingilishi suke musayar saƙo. Da wata shida suka cika aka sabunta wa abokan aikinsa kwangila, shi kuwa aka sallame shi. Abin da ya ɗaure masa kai, in ji shi, matar ba ta taɓa yi masa faɗa ba ko sau ɗaya.

Na karanta saƙonnin. A na farko ta rubuta: “I was a little surprised by some of the figures.” A na biyu: “You might want to check them again before Friday.” A na uku: “It would have been helpful to have this on Monday.” Ƙarƙashin kowanne, amsar ɗalibina ɗaya ce: “Thank you madam.”

Na tambaye shi me ya fahimta. Ya fassara mini kalma bayan kalma, babu kuskure: ta ɗan yi mamakin wasu alƙaluma, wataƙila zai so ya sake duba su kafin Juma'a, da ta samu rahoton ranar Litinin da ya yi amfani. Ya ce mamaki ai ba laifi ba ne, sake dubawa kuma zaɓi ta ba shi, shi kuwa ya yarda da lissafinsa. Na ce masa, “Ɗana, sau uku matar nan ta ja maka kunne. Da farko ta ce alƙalumanka ba daidai suke ba. Sannan ta umarce ka ka gyara. Daga ƙarshe ta ce ka makara.” Ya yi shiru, can ya ce, “To me ya hana ta faɗi haka?” Na ce ai ta faɗa, ni ne ban koya maka ji ba.

Tun ranar nake juya maganar a raina, kuma ga inda na tsaya. Mu malaman Ingilishi a ƙasar nan muna koyar da nahawu kamar mai koyar da duba agogo: wannan na jiya ne, wannan na yau, wancan na gobe. Yaro ya haddace jerin aikatau marasa bin doka, ya iya cike gurbi a takardar jarrabawa, ya ci BEPC, amma bai san Bature kan ɓoye faɗansa a cikin ginin jimla ba. Wanda bai san ginin nan ba, za a tsawata masa yana godiya. In kuma shi ya tashi yi wa wani gyara, sai ya ci masa mutunci yana zaton shawara ya ba shi. Abin haushin kuma, mabuɗin darasin yana cikin Hausa, harshen da muke hana yara yi a aji.

Da can ana iya cewa wannan damuwar ƴan boko ƙalilan ce. Yanzu zance ya canza. A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya mai da Hausa harshen ƙasa, ya ajiye Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Ingilishi ya tashi daga darasi guda cikin darussan kolej ya zama harshen da doka ta yarda a yi aikin ofis da shi. Mu mutanen Adar kuwa dama ba baƙin hulɗa da waje ba ne. Tun 1975 ƙungiyar CARE ta fara dashen itatuwan tare iska a kwarin Majiya da ke ƙasar Buza. A 1984 aka fara babban aikin farfaɗo da ƙasa na Keita da kuɗin Italiya da taimakon hukumar FAO. Samarinmu suna ci-rani har Legas, albasar da ake nomawa daga Galmi zuwa Madawa da fadamunmu tana sauka a Kumasi da Akra. Akwai ɗan Adar da yawa da abincinsa ke rataye a kan jimla ɗaya ta Ingilishi. Kuma tun da ƴan sa-kai na Peace Corps suka bar Nijar a Janairun 2011, da wuya ɗalibin karkara ya ji Ingilishi daga bakin mai shi. Sai mu, sai waya.

Bari in jero wasu daga cikin gine-ginen nan, kowanne tare da ɗan uwansa na Hausa, don mai karatu ya ga abin ba baƙo ba ne.

Na farko shi ne “should have”. Littafi zai nuna wa yaro yadda ake haɗa shi da aikatau, ya ba shi jimla goma ya cike. Abin da ba zai faɗa masa ba shi ne, “You should have called me” ba ta da wani aiki sai zargi, tunda abin ya riga ya wuce, babu sauran gyara. Ita ce “ai da ka kira ni”, ko “ya kamata a ce ka kira ni”. In mutum ya juya ta kansa ya ce “I should have called”, ta zama da-na-sani, wadda muka ce ƙeya ce. Ƙannenta su ne “could have” da “might have”, kuma nan yara suka fi faɗawa rami, don mun koya musu “could” iyawa ce, “might” yiwuwa ce, shi ke nan. Alhali in Bature ya ɗaure fuska ya ce “You might have told me!”, ba wai yana tantama ko ka faɗa masa ba ne. Cewa yake yi, “Haba, ko ɗan faɗa mini ba ka yi ba!”

Na biyu shi ne haɗa “always” da aikatau mai ƙarewa da “-ing”. Tun ajin siziyem muke gaya wa yara cewa abin da aka saba yi ana faɗinsa kamar haka: “He always comes late.” Duk wanda ya rubuta “He is always coming late” kuwa jan biro muke sa masa. Ni ma na yi shekaru ina yin haka. To jimlar lafiyarta lau. Bambancinta da ta farko shi ne akwai ƙosawa a cikinta. Ta farko rahoto ce, kamar “yakan makara”. Ta biyu ƙorafi ce, kamar “kullum sai ya makara”, ko “ya cika makara”. Haka ma “You keep forgetting”: mai faɗinta ya gaji da mantuwarka.

Na uku shi ne “too” da “very”. “Very” sosai ce ko ƙwarai. “Too” kuwa abu ya yi yawa ne, ya wuce inda ake so. “The tea is very sweet” tana iya zama yabon shayi, amma “The tea is too sweet” sukari ya ɓata shi. Abu biyu ne ke rikita yaranmu a nan. A Faransancin titi da suke ji, “trop” ta zama kalmar yabo. A buroka na Najeriya kuma, wanda ƴan ci-rani da waƙoƙi ke kawo mana, “you too much” kirari ne. Na taɓa jin wata ɗaliba ta ce wa wani baƙo da ya ziyarci ajinmu “You speak too much”, tana murmushi. Nufinta ya iya magana ƙwarai. Abin da ta faɗa shi ne ya cika surutu.

Na huɗu shi ne ƙanƙanta laifi da baki: “a little”, “a bit”, “slightly”, “not quite”. Wannan ne ya ci ɗalibina a saƙon farko. Amma wane Bahaushe ne bai san aikin “ɗan” ba? In maigida ya ɗanɗana miya ya ce gishirin ya ɗan yi yawa, uwargida ta san “ɗan” ɗin nan ba awo ba ne, mayafi ne. “Not quite right” ma haka, ma'anarta ba daidai ba ne, ƙarewa. Abin yana kuma juyawa: “not bad” a bakin mutumin Ingila yabo ne, kamar “ba laifi” a bakin dattijon da ba ya son ya kumbura ka. “Quite good” kuwa ta danganta da mai magana. Ba'amurke yakan nufi abu ya yi kyau sosai, mutumin Ingila sau da yawa yana nufin da dama-dama.

Na biyar shi ne umarni ko zargi a cikin rigar tambaya ko shawara: “Don't you think…?”, “Wouldn't it be better to…?”, “You might want to…”. Idan mahaifi ya ce wa ɗansa da hantsi, “Ba za ka tashi ka tafi gona ba?”, babu ɗan da zai amsa da “a'a” yana zaton an nemi jin ra'ayinsa. Idan liman ya ce “ba ku ganin gara a bari sai bayan salla?”, an gama magana. “You might want to” daga bakin shugaba zuwa ga na ƙasa da shi umarni ne cikakke. Daga bakin aboki kuwa tana iya zama shawara kawai. Ke nan sai an duba wa ke magana da wa, kamar dai yadda muke yi a namu harshen.

Na shida shi ne jimlar da ke ɓoye mai aikatawa: “The door was left open.” Muna koyar da ita kamar wasan juya bulo, a ɗauki na baya a kai gaba, a ƙara “by”. Ba mu faɗa wa yara amfaninta. Hausa tana da ita a cikin “an” da “aka” da “ana”. In malami ya shigo ya ce “an bar ƙofa buɗe”, ya san wanda ya bari, wanda ya bari ma ya san da shi ake, amma an rufa masa asiri gaban jama'a. Kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. Sai dai wuƙar nan baki biyu gare ta. Tana rufa wa mai laifi asiri, tana kuma ba mai laifi wurin ɓuya. A Janairun 1987, da shugaban Amurka Ronald Reagan yake jawabi a majalisa a kan badaƙalar sayar wa Iran makamai a asirce, cewa ya yi “serious mistakes were made”, wato an tafka kurakurai. Wa ya tafka? Jimlar ba ta faɗa ba, kuma don haka aka zaɓe ta. Mu da muka saba jin “ana nan ana bincike” da “za a duba” ba mu buƙatar a yi mana dogon bayani.

Wanda ke ganin ƙananan abubuwa ne waɗannan, ya dubi abin da ya faru a majalisar dokokin Birtaniya ranar 31 ga Janairun 2022. A dokar zauren, ɗan majalisa ba ya zargin ɗan uwansa da yin ƙarya da gangan. Ian Blackford, jagoran ƴan jam'iyyar SNP ta Sikotilan, ya ce firaminista Boris Johnson ya yaudari majalisa. Kakakin majalisa Lindsay Hoyle ya nemi ya janye, ko ya tsaya a kan cewa abin ya faru “inadvertently”, wato ba da gangan ba. Ya ƙi, ya bar zauren. Kalma ɗaya ce ta raba sukar da doka ta yarda da ita da wadda ke fitar da mutum waje.

Hatta kalmar suka kanta tana da tarko ga wanda ya bi ta Faransanci. A Faransanci “critique” ɗaya ce, ita ce mai suka, ita ce sukar, ita ce nazari, ita ce mawuyacin hali. Ingilishi ya raba su: “critic” mutum ne, “criticism” suka ce, “critique” nazari ne na ilimi, “critical” kuma tana iya zama mai yawan suka, ko muhimmi, ko majinyacin da ke tsakanin rai da mutuwa. Sai kuma ƴan ƙananan kalmomin da ke biye da su, waɗanda su ne ke nuna wa ake tuhuma. “Criticism of the teacher” malami ake suka, “criticism from the teacher” malami ke suka. Ana cewa “criticise him for”, amma “accuse him of”. Ana cewa “blame the driver for the delay”, ko “blame the delay on the driver”. A takardar koke, musanya ɗaya daga cikin waɗannan tana iya ɗora laifi a kan wanda aka zalunta.

Duk wannan ɓangaren ji ne. Akwai kuma ɓangaren faɗa, inda mu ne muke yi wa mutane rauni ba mu sani ba. Wani ɗan uwana yana kai albasa Akra. Wata shekara matar da ke saye a hannunsa ta aiko kuɗi ba su cika ba, ta ce buhu kaza sun ruɓe a hanya. Ya kira ɗansa da ke ajin turwaziyem ya ce, “Rubuta mata, ka ce ina gaisuwa. Kamar dai lissafin bai zo ɗaya da namu ba, a taimaka a sake dubawa.” Ku dubi jimlar nan ta mutumin da bai taɓa zama a benci ba: akwai gaisuwa, akwai “kamar dai”, akwai “a taimaka”, babu “ke” ko ɗaya. Ga abin da ɗan boko ya mai da ita: “Your calculation is false. You must send the rest.” Ya ɗauko “faux” na Faransanci, wanda a lissafi ke nufin kuskure kawai, ya sa “false”, wadda a Ingilishi ke ɗauke da warin ha'inci. Ya ƙara da “must”, kamar alƙali. Matar ta cika kuɗin, amma sai da wani dillali Bahaushe a can ya shiga tsakani kafin ta sake karɓar kayansa. Abin da uban ya faɗa yana da takwaransa daidai a Ingilishi: “There seems to be a small difference between your figures and ours. Could you have another look?” Yaron ya san kowace kalma a cikin jimlar nan. Abin da ba a taɓa nuna masa ba shi ne cewa ladabin ubansa ma ana fassara shi.

Shi ya sa nake cewa ta Hausa ya kamata a shiga wannan darasi. Yaro ɗan shekara goma sha biyu a Keita ya riga ya ƙware a habaici da gatse da zambo da hannunka-mai-sanda. Ya ji uwarsa tana yi wa akuya faɗa alhali da kishiya take. Ya san in ya fasa tulu aka ce masa “ka kyauta”, ba godiya aka yi masa ba. Ya san bambancin “kai” da “ku” in yana gaban babba. Yaran da ke jin Tamashek a ajina suna da tangalt, maganar lulluɓe ta manyansu, wadda sai mai hankali ke kwance ta. Masana biyu, Penelope Brown da Stephen Levinson, sun fitar da littafi a 1987 a kan ladabin magana, suka gina shi a kan yadda kowane harshe ke da hanyoyin kare fuskar wanda ake magana da shi. Mu da muke da “cin fuska” da “cin mutunci” da “rufin asiri” ba sabon labari suka kawo mana ba. Tun 1974 Anthony Kirk-Greene ya rubuta a kan mutumin kirki a wurin Hausawa, ya lissafa kunya da ladabi da mutunci da hankali cikin siffofinsa, tare da gaskiya.

Amma me muke yi da wannan dukiya? Yaro ya shigo aji mu ce ya ajiye ta a bakin ƙofa. Mu da muka yi firamare a zamanin sambol, abin nan da ake rataya wa duk wanda aka kama yana Hausa, har yau tsoron bai sake mu ba. Sai mu ɗauki Ingilishi mu bayyana shi da Faransanci, wanda shi kansa yaron siziyem bai gama riƙe shi ba. Aro a kan aro. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, amma har yanzu malamin Ingilishi yana jin kamar ya yi sata in ya ce wa yara “wannan ita ce ‘ai da ka’ ɗinmu”. Ban ce a kori Faransanci ba, yana da nasa amfanin. Duk ɗalibi ya san “peut mieux faire” a takardar sakamako ba yabo ba ce, kuma ita ce “could do better”. Amma inda yaro ke jin zafin magana a jikinsa, harshen uwarsa ne.

Na san abin da wasu abokan aikina za su ce, don sun faɗa mini a ɗakin malamai. Wani ya ce wannan koya wa yara munafunci ne, gaskiya ɗaci gare ta, a faɗe ta yadda take. Na ce masa, shi in zai yi wa direkta gyara, haka yake shiga ya ce “ka yi kuskure”? Sassauta lafazi daban, ɓoye gaskiya daban. Uban yaron nan mai albasa bai yafe ko dala ba, kuɗinsa ya nema, ya dai bar wa matar hanyar biya ba tare da ta zama ɓarauniya ba. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, amma yadda aka faɗe shi yana iya mai da shi haka. Sai dai abokin nawa yana da rabin gaskiya: akwai inda lulluɓe ke kisa. Ranar 25 ga Janairun 1990 jirgin Avianca da ya taso daga Kolombiya ya faɗi kusa da New York saboda mai ya ƙare, mutum 73 suka mutu. Matuƙan sun gaya wa masu kula da sauka cewa mansu na ƙarewa, sun nemi a ba su fifiko, amma ba su furta kalmar “emergency” ba, wadda ita ce ke sa a share wa jirgi hanya nan take. Ɗalibinmu da zai zama malamin asibiti ko direban babbar mota dole ya iya cewa “Stop. That is wrong.” ba tare da kwana-kwana ba. Ke nan duka biyun za a koya masa, da lokacin kowanne.

Wani kuma ya ce ai ba da Turawan Ingila yaranmu za su yi hulɗa ba, da ƴan Najeriya ne da ƴan Gana, da ƴan Sin da Indiyawa da Turkawa, kuma Ingilishin kasuwar Illela ba ya san “you might want to”. Gaskiya ne, kuma ba na son in mai da ɗan Garhanga ɗan Landan. Amma wasiƙar ofis a Abuja ko Akra cike take da waɗannan gine-gine, wani lokaci ma ta fi ta Landan lanƙwasa. Haka takardun jami'a, haka na ƙungiyoyin duniya. Ko yaro ba zai taɓa yin magana haka ba, dole ya gane in an yi masa. Ji shi ne farko. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Na ukun shi ne mai nauyi: lokaci. Ajujuwanmu cike suke, wasu na zana ne da ba a kafa su sai an gama girbi an samu kara, littafi ɗaya yara da yawa, ga manhaja da ake son a ƙare kafin jarrabawa, jarrabawar kuma cike gurbi take tambaya. Wannan ban musa ba. Amsata ita ce ba sabon darasi nake nema ba. “Should have” tana cikin manhaja, jimlar ɓoye mai aikatawa tana ciki, “too” tana ciki. Minti biyar ne za a ƙara a kan kowanne a tambayi yara: wa ke faɗin wannan, ga wa, kuma ransa fari ne ko ɓace? Ga masu tsara jarrabawa kuma roƙona ɗaya ne: a sa ko da tambaya guda da za a ba yaro jimla a ce, me mai maganar yake nufi? Abin da jarrabawa ta tambaya shi malami ke koyarwa, kowa ya san haka.

Ga abin da nake yi yanzu a ajina, ko wani zai ɗauka. Nakan zana tsani a allo, in ɗauki laifi ɗaya, misali makara. A matakin ƙasa in rubuta “You are late.” Sama da shi “You are always coming late.” Sai “You should have left home earlier.” Sai “Couldn't you have left a bit earlier?” Can sama kuma “We were expecting you at eight.” Sannan in tambaye su da Hausa: wacce direkta zai faɗa wa malami, wacce aboki zai faɗa wa aboki, wacce ɗalibi zai iya faɗa wa malaminsa ya kwana lafiya? Daga nan in ce su gina nasu tsanin da Hausa. Ranar farko da na gwada, wata yarinya da ba ta taɓa ɗaga hannu ba ta ce, “Mushe, kakata cewa take yi: sannu da zuwa, yau hanya ta yi nisa.” Aji ya fashe da dariya, kuma daga ranar ban sake wahalar bayyana musu “We were expecting you” ba.

Darasin ya taɓa ni ni ma. A makarantar horar da malamai a Tawa, bayan kowane darasin gwaji akan zauna a yi wa mutum gyara, kuma an koya mana a fara da abin da ya yi daidai kafin a zo ga kurakurai. Da muka fito fili muka manta. Malamin da ke rubuta “nul” da jan biro a kan takardar yaro, ko ya kira shi jaki gaban ƴan uwansa, da wane baki zai koyar da “not quite right”? Magana zarar bunu ce, kuma yara sun fi koyon yadda muke yi musu gyara a kan abin da muke rubutawa a allo.

Shi kuwa ɗalibin nawa, kafin ya tashi a ranar mun zauna ya rubuta wa tsohuwar shugabarsa saƙo da hannunsa, ni dai ina kallo. Ya fara da “I realise now that I should have checked the figures again.” Aikin bai dawo ba, an riga an ba wani. Amma bayan kwana biyu ta amsa, ta ce “I would be happy to write you a reference”, wato za ta rubuta masa takardar shaida in ya nemi aiki wani wuri. Ya kira ni da dare ya karanta mini, ya yi shiru, sannan ya ce, “Mushe, wannan ‘happy’ ɗin, na gaske ne ko shi ma habaici ne?” Na ce masa wannan kam na gaske ne, ya je ya karɓi takardarsa. Allah ya sa mu dace.